Tudun Yashi a Mashigin Canaipa

"Lyndall, amsa ɗaya nake nema. Za ki bi ni Hobart, ko ba za ki bi ni ba?"

Muna tsaye ne a kan gadar katakon Dunwich inda ake ɗaure jirage, ni rungume da kwalin kayan abinci, Murray kuma hannuwansa duk baƙin mai. Safiyar Juma'ar Ista ce, shekarar 1981. Shekarata ashirin da huɗu. Yau ina da jikoki uku, amma in na rufe ido har yanzu ina jin warin gishiri da kwalta na wannan safiyar.

"Murray, don Allah ba yanzu ba..."

"Yaushe to? Wata biyu ke nan kina ce min ba yanzu ba! Zuwa ƙarshen Mayu suka ba ni. Kin san shekara nawa na yi ina mafarkin wannan aikin?"

Na sani sarai. Murray Keogh kafintan jirgin ruwa ne, amma a tsibirinmu faci kawai yake yi wa tsofaffin kwale-kwale. Can Hobart kuwa, wani birni mai nisa a kudu, wani dattijo mai ƙera jiragen katako ya ga aikinsa, ya kira shi ya zo su riƙa ƙerawa tun daga tushe. Shekara biyu muna tare. Zoben da ya saya min yana cikin aljihunsa tun watan Fabrairu, na ƙi karɓa.

"Ba zan iya barin Baba ba," na ce.

"Babanki? Mutumin da jiya na ga ya fizgo angar jirgi shi kaɗai yana waƙa? Ga Gwaggo Dot, gida uku ne tsakaninku. Lyn, dube ni... Akwai wani ne?"

"Haba Murray!"

"To mene ne? Rabin raina, faɗa min mana. In ba kya so na ne, ki faɗa, zan iya ɗauka."

Hawaye suka cika min ido. Ina son sa fiye da yadda bakina zai iya faɗa, amma na yi wani alkawari da ba zan iya karyawa ba.

"Kai, Injiniya!" Muryar Baba ce daga cikin jirginmu. "In ka gama yi wa 'yata wa'azi, zo ka kwance igiya! Ruwa zai tafi ya bar mu!"

Murray ya sauke numfashi, ya karɓi kwalin daga hannuna, ya yi gaba.

*

Sunan jirginmu Beryl, sunan mahaifiyata. Baba Clem ne ya ƙera ta da hannunsa a shekarar da suka yi aure, da ita yake kai masu kamun kifi yawo a tsakanin tsibirai. Duk Ista kuwa tamu ce mu kaɗai. Mukan bi ta bayan tsibirinmu Straddie mu gangara kudu har Jumpinpin, inda teku ta ɓalle tsibirin gida biyu, mu yi kwana huɗu mu dawo. Ko bayan rasuwar Mama ba mu fasa ba ko sau ɗaya.

Abin da Murray bai sani ba, abin da kowa a Dunwich bai sani ba har Gwaggo Dot, shi ne idon Baba yana mutuwa.

Shekara ɗaya da rabi kafin nan na raka shi wurin likita a birnin Brisbane. Likitan ya ce tsakiyar ganinsa ce ke dushewa, kuma babu magani. Yana ganin gefe-gefe, amma duk abin da ya zuba wa ido sai ya zama hazo. A jirgin fiton da ya dawo da mu gida ya kama hannuna ya matse.

"Kada kowa ya ji, 'yar Baba. In aka ji, lasin ɗina na tuƙin jirgi ya tafi. In aka raba ni da ruwa kuwa, a haɗa ni da uwarki kawai."

Tun daga ranar na zama idonsa. In akwai baƙi a jirgi, sai ya riƙe sitiyari ni kuma in tsaya a bayansa kamar mai shagwaɓa, hannuna a kafaɗarsa. In danna dama, ya karkata dama. In danna hagu, ya karkata hagu. Mutane har cewa suke yi, "Kai Clem, wannan 'yar taka ba ta rabuwa da kai!" Shi kuma ya yi dariya.

Ta yaya zan tafi Hobart?

Abin da ya ɗaure min kai shi ne, a wannan shekarar Baba da kansa ya gayyaci Murray. Ba a taɓa gayyatar kowa tafiyar Ista ba.

Ranar farko ta wuce lafiya. Muka tsaya a gaɓar tsibirin Peel, ruwa garau har kana ganin inuwar jirgi a kan yashin ƙasa. Murray ya kama kifi uku, Baba ya soya su da man shanu a tsohon kaskon Mama, muka ci da biredi.

"Injiniya, wannan kifi ne ko 'ya'yan kifi?" in ji Baba yana laluben farantinsa. "Ka raba su da uwarsu tun ba a yaye su ba!"

"Mista Gatenby, kai da ba ka kama ko ɗaya ba!"

"Ni na bar maka ne don kada ka ji kunya a gaban yarinya."

Suka kwashe da dariya. Ni dai murmushin dole nake yi. Duk sanda idona ya haɗu da na Murray sai ya kau da kai.

Da yamma wata ayu ta ɗago kai kusa da mu ita da ɗanta, ta fesar da numfashi ta nutse. Baba ya juya da sauri wajen ƙarar.

"Uwa da ɗa ne," na faɗa da ƙarfi kamar ina magana da kaina.

"Na gani," in ji Baba. "Beryl takan ce in ka ga ayu da ɗa, shekarar za ta yi kyau."

Murray ya dube ni, ya dubi Baba.

*

Washegari da hantsi muka shiga mashigin Canaipa. Siririyar hanya ce mai lanƙwasa, tudun yashin Straddie a hagu, itatuwan cikin ruwa a dama, turakun hanya jajaye da koraye a tsaye jefi-jefi. Ruwa ya fara janyewa, yadda ruwan teku yake janyewa ya dawo sau biyu a rana. Na matso bayan Baba na ɗora hannu a kafaɗarsa yadda na saba.

Ya ture hannun.

"Je ki ɗora mana shayi."

"Baba, sai mun wuce lanƙwasar nan..."

"Na ce je ki ɗora shayi! Shekara arba'in ina bin wannan hanyar tun ba a haife ki ba. Injiniya, kai kuma je ka duba min inji, ina jin wata 'yar ƙara."

"Baba!"

"Lyndall." Da wuya ya kira cikakken sunana. "Sauka ƙasa."

Na sauka. Na ɗora buta a wuta, na tsaya ina leƙe ta 'yar taga. Turke kore ya wuce... wani ya sake wucewa... Ina jin Baba yana ƙirga wani abu a hankali. Ashe ƙirga lokaci yake yi, yana tuƙi da abin da ya haddace. Lanƙwasa ta farko ya wuce ta sumul. Ta biyu ma haka. Zuciyata ta fara kwanciya.

Amma yashin Canaipa ba ya kwana inda ya wuni. Ruwan saman da aka yi a watan Fabrairu ya turo wani sabon tudu tsakiyar tsohuwar hanya, har an matsar da turke. Na hango turken ta taga, ja, ga mu muna shirin bi ta gefensa inda tudun yake.

"Baba, dama! Dama!"

Ban rufe baki ba na ji jirgin ya yi wani gurnani daga ƙasa. Buta ta kife, kofuna suka zube, na faɗi a kan gwiwoyina. Beryl ta tsaya cak.

Murray ya fito daga wurin inji a guje, ya kama ni. "Kin ji ciwo?"

"A'a... Baba!"

Muka hau sama. Baba ya sa giyar baya, injin yana ta kuka, ruwa ya koma launin ƙasa, amma ko motsi. Murray ya dira cikin ruwa iya ƙugu ya sa kafaɗa yana turawa. A banza. Ruwan tafiya yake yi. Kafin rabin awa Beryl ta kwanta a gefenta a kan yashi kamar saniyar da ta gaji.

Baba ya kashe injin. Shiru ya sauka, sai kukan tsuntsaye.

"Mista Gatenby," in ji Murray a hankali, ruwa na ɗiga daga wandonsa, "turken nan ja yana gabanka, taku ashirin bai kai ba..."

"Ina?" in ji Baba.

Murray ya nuna da hannu. Baba ya juya kansa, ya zuba wa wani wuri dabam ido.

Na ga lokacin da Murray ya gane. Hannunsa ya sauka a hankali. Ya juyo gare ni, fuskarsa ta yi fari.

"Lyn... tun yaushe?"

Sai na fashe da kuka.

"Shekara ɗaya da rabi," Baba ya amsa. Ya zauna a kan akwatin kaya, ya cire hularsa, hawaye na gangaro masa. "Ni na sa ta rantse. Kada ka ga laifinta."

Ban taɓa ganin Baba yana kuka ba sai ranar da aka binne Mama. Wannan ce ta biyu.

*

Sai ruwa ya dawo za mu tashi, awa shida ke nan. Muka sauko kan yashi. Murray ya kai anga can cikin hanya ya dasa, ya dawo ya kama gwiwar hannun Baba ba tare da ya tambaya ba. Baba bai ture shi ba. Muka zauna a inuwar jirgin, dubban ƙananan ƙaguwa shuɗɗa suna tururuwa a gabanmu, wasu kwasakwasa uku suna tsaye can nesa suna kallon mu.

"Me ya sa ka yi haka, Baba?" na tambaye shi. "Da kan dutse ne fa?"

"Idona ne ya mutu, ba kunnena ba. Na ji ku jiya a kan gada. Na ji ku makon jiya a bayan gida. Na ce bari in nuna miki zan iya ba tare da ke ba, sai ki tafi da kwanciyar rai." Ya yi wata 'yar dariya mai ɗaci. "Ga shi na nuna."

"Ba inda za ni!"

Murray ya gyara zama. "Ni ma haka. Ranar Talata zan rubuta musu in ce su nemi wani. Lyn, ki yafe min. Ina ta zargin ki, ashe ke... Masoyiyata, da kin faɗa min! Zan zauna. Ni zan riƙa tuƙa Beryl, Mista Gatenby ya zauna a gefena yana zagi na."

Wani sanyi ya ratsa min zuciya. Na kama hannunsa na rungume a ƙirjina.

"Ba ka isa ba!"

Tsawar Baba ta sa ƙaguwoyin nan suka nutse cikin yashi.

"Mutum ɗaya na ɗaure, yanzu kuma in ɗaure biyu? Ka zauna kana yi wa ruɓaɓɓun kwale-kwale faci har ka yi furfura, saboda wani tsohon makaho mai taurin kai?"

"Baba, ni ban ce ka ɗaure ni ba!"

"Uwarki ma ba ta taɓa cewa ba."

Na ɗago kai na dube shi.

Ya juya hularsa a hannu. "Ba ki san wannan ba. Lokacin da na auri Beryl, ta samu gurbin koyon aikin jinya a Sydney. Takardar tana hannunta. Sai mahaifiyata ta kwanta, rabin jikinta ya shanye. Na ce wa Beryl ta jira shekara ɗaya. Ta ce to. Shekara goma sha ɗaya ta yi tana juya tsohuwar nan a gado, tana yi mata wanka. Da aka gama, ga ki kin zo, lokaci ya wuce. Ba ta taɓa yi min gori ba, ko da wasa." Ya ajiye hular a gwiwarsa. "Bayan ta rasu ina kwashe kayanta, na samu takardar a ƙasan akwatinta, a naɗe cikin gyalenta na coci. Duk ta yi laushi don yawan buɗewa, 'yar Baba. Shekara talatin tana buɗe ta ina waje ina wasa da jirgi."

Kuka ya ƙwace min. Na rarrafa na kifa kaina a cinyarsa kamar ina 'yar shekara biyar.

"Wa zai karanta maka jarida? Wa zai gaya maka rigarka a bai-bai take?"

"Dot mana. Shekara sittin tana neman damar da za ta riƙa ba ni umarni, ga shi Allah ya ba ta."

"Jirginmu Beryl fa?"

"Ranar Talata zan mayar da lasin da hannuna. Da yau akwai 'ya'yan mutane a jirgin nan fa? Na daɗe da sanin haka, tsoro ne ya hana ni." Ya shafa kaina. "Vic maƙwabcinmu ya daɗe yana yi mata kallon sha'awa. Zan bar masa ita, da sharaɗin duk Lahadi ya fita da ni in sha iska."

"Baba, ba zan iya ba..."

"Za ki iya. Injiniya!"

"Na'am, Mista Gatenby."

"Abin nan da ke ƙara a aljihunka tare da makullai tun watan Fabrairu, ka fito da shi ko sai ya yi tsatsa?"

Murray ya yi dariya hawaye na zubo masa. Ya durƙusa a kan jiƙaƙƙen yashi, wandonsa duk taɓo, ya ciro zoben.

"Lyn... rabin raina... za ki aure ni?"

Na dubi Baba. Ya kau da fuskarsa gefe, don ta gefen ido ne kawai yake iya hango mu.

"Zan aure ka," na ce.

"Me ta ce?" in ji Baba. "Ban ji ba!"

"Ƙarya kake yi, Baba, ka ji!"

"Na ji. So nake a maimaita."

*

Da la'asar ruwa ya dawo. Ya fara lasar gindin jirgin, ya kai mana idon sawu, ya kai gwiwa. Beryl ta yi 'yar girgiza ta miƙe tsaye. Murray ya ja igiyar anga, muka zame cikin hanya.

Baba ya tsaya a bakin sitiyari, ya shafa shi, sannan ya matsa gefe.

"Karɓi. Amma ban da danna kafaɗa. Ki faɗa min abin da kike gani, da ƙarfi, kowa ya ji."

Na kama sitiyarin. "Ga turke kore a damanmu, Baba. Ga babban tudun yashin nan da nake gangarowa a kan kwali ina yarinya..."

"Wanda kika fasa haɓa a kai."

"Shi. Rana ta sa ya yi ja. Ga mikiya a kan busasshen itace. Ga wasu mutane a farin jirgi suna ɗaga mana hannu."

Baba ya ɗaga musu hannu yana murmushi. Haka muka yi ta tafiya ina faɗa yana gyaɗa kai, har muka fara jin rugugin teku a Jumpinpin. Kwana biyu muka ƙara a can. Baba ya koya wa Murray inda ake tono tsutsar kamun kifi da ƙafa, ya ba mu labaran Mama waɗanda ban taɓa ji ba. A duk tafiye-tafiyen Ista da muka yi, babu wadda na fi tunawa kamar wannan, kuma ita ce ta ƙarshe.

Da Gwaggo Dot ta ji labari, sai da ta yi wa Baba faɗa na awa guda cur.

"Shekara ɗaya da rabi, Clem! Ina ɗaga maka hannu a hanya kana wuce ni, na ɗauka girman kai ne!"

Tana gamawa ta rungume shi tana kuka, ta tafi gyara masa ɗaki a gidanta.

An ɗaura aurenmu ranar Asabar ta uku a watan Mayu, a ƙaramin cocin Dunwich. Baba ne ya shigo da ni, ko da yake a gaskiya ni ce na shigo da shi. A bakin ƙofa ya tsayar da ni, ya sa tafukansa masu kaushi ya shafa fuskata, goshi, kumatu, haɓa, ya taɓa mayafin.

"Kin yi kyau," ya ce.

"Ya aka yi ka sani?"

"Na ji yadda cocin ya yi shiru."

Bayan kwana biyar muka hau jirgin fito da akwatunanmu huɗu da akwatin kayan aikin Murray. Rabin garin sun zo rakiya. Baba bai yi doguwar magana ba. Ya rungume ni, ya ce in riƙa rubuto wasiƙa da manyan baƙaƙe don Dot ma idonta ba wani na kirki ba ne. Ya kama hannun Murray ya riƙe ya daɗe.

"Hobart akwai sanyi, Injiniya. Ka saya mata riga mai kauri."

"Zan saya, Baba."

Ranar ce Murray ya fara kiran sa haka.

Jirgin ya ja da baya, ya juya hanci wajen garin Cleveland da ke tsallaken ruwa. Na ruga bayan jirgin na kama ƙarfe. Ga Baba can a ƙarshen gada cikin rigarsa ta coci, ya cire hula yana kaɗa ta sama da dukan ƙarfinsa. Amma bai san jirgin ya juya ba. Wajen da babu kowa yake kaɗa wa, wajen buɗaɗɗen ruwa.

"Baba! Nan! Ga ni nan!"

Ƙarar inji ta haɗiye muryata.

Sai na ga Gwaggo Dot ta matso, ta kama kafaɗunsa biyu, ta juyo shi a hankali har ya fuskance ni. Ya ci gaba da kaɗa hular. Murray ya riƙe ni ta baya ina kuka ina ɗaga hannu, ina ɗagawa duk da na san ba ya gani na, har gadar ta ƙanƙance, farar rigarsa ta ɓace a cikin hasken ruwa.